Farin Wardi da Ruwan Alwala

Gidanmu a Rano ba shi da fili. Da aka raba gadon mahaifin maigidana, kasonsa ɗaki biyu ne da 'yar tsakar gida wadda tabarma biyu ke cikawa. Daga baya ɗanmu ya sa aka malala mata siminti saboda taɓon damina. Ƙasar da ta rage mana a gidan duka ita ce ta cikin wani rabin duro da ke jikin bangon gabas, kuma a ciki Malam ya dasa fulawarsa.

Malam, wato maigidana, ya daɗe yana aikin kula da shuke-shuke a wani gida a Kano. Da ƙarfi ya ja baya ya dawo gida, abin da ya taho da shi daga can ɗan reshe ne naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya ce sunansa wardi, fari, irin gajeren nan da ba ya hawa bango. Ya huda gindin duron da ƙusa, ya zuba tsakuwa, ya gauraya yashi da tsohon takin awaki, ya dasa. Maƙwabta suka yi ta dariya. Ga zogale, ga rama, ga yakuwa, mutum ya rasa abin shukawa sai ƙayar da ba a miya da ita. Ni ma haka na ce a raina, ban dai furta ba.

Bai taɓa ɗebo ruwa musamman dominsa ba. A unguwarmu rijiyoyi kan janye da bazara, sai a jira 'yan garuwa, shi kuwa yana ganin almubazzaranci ne a ba fure ruwan da mutane ke nema. Sai ya mai da bakin duron wurin alwalarsa. Zai zauna a kan tsohon turmi, ya wanke hannu da fuska ruwan na zuba a gindin shukar. Malam mutum ne mai tsimin ruwa, 'yar ƙaramar buta ta ishe shi har ya rage. Da wannan ɗan ruwan wardin ya rayu, ya cika duron, bai wuce ƙugu ba, furanni farare tas a dunƙule, wasu na zubewa wasu na buɗewa.

Ni a bakin rariya nake tawa alwalar, kuma da dalili. Tun ina yarinya nake fama da waswasi. In na kai ga shafar kai sai zuciyata ta ce anya ruwa ya kai gwiwar hannu kuwa? Sai in koma farko. Malam ya sha yi mini nasiha, ya ce abin da aka wanke an wanke, saura aikin shaiɗan ne. Nakan ce to, in sake cika buta.

Ana tsakiyar bazara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Da aka sallamo mu daga asibiti hannunsa na dama da ƙafa ba sa motsi, baki ya karkace, magana sai da ƙyar. Liman ya ce ya riƙa yin taimama, na zuba masa yashi a faranti na ajiye kusa da katifa. Ƙofar ɗakin da yake kwance ba ta kallon duron.

Kowace safiya in na kai masa kunu, sai ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da kalma ɗaya: "Wardin?" Ba ya tambayar yara, ba ya tambayar kowa. Ma'aikaciyar asibiti ta ce mu riƙa sa shi magana, harshen zai saki a hankali, in kuwa aka bar shi shiru zai ƙara nauyi. To ga abin da yake son magana a kai. In na ce ya yi sabon toho, sai ya ce a cire busassun furanni. In na tambaye shi daga ina ake yankewa, sai ya yi ta ƙoƙarin bayani, kalma na jan kalma. Wata rana har ya haɗa magana doguwa, na fita ina murna.

Saboda haka na mai da alwalata bakin duron, na zauna a kan turminsa. Sai dai ciwon nasa ya ƙara mini waswasi. Ina tsoron in alwalata ba ta cika ba sallata ba za ta karɓu ba, addu'ar da nake masa ta tafi a banza. Sai in yi ta sakewa, buta bayan buta. Da ganyen ƙasa suka fara rawaya suna zubewa, na ɗauka ƙishi ne, ai me zai dami shuka da bazara in ba ƙishi ba? Na ƙara masa da ruwan wankin shinkafa.

Ban iya ƙarya ba, ko ta wasa tana hana ni sukuni. In Malam ya tambaya sai in ce wardin yana nan, yana shan ruwa. Duka gaskiya ne. Amma in na fito da kwanon kunu sai in tsaya ina tambayar kaina, gaskiyar da aka faɗa don mutum ya fahimci wani abu dabam, me ya raba ta da ƙarya?

Ƙanin Malam manomin rani ne a Nariya. Ya zo duba yayansa da albasa a buhu, ya tsaya gaban duron, ya cusa yatsa a ƙasar ya sunsuna. Akwai wasa tsakanina da shi.

"Matar yaya, shinkafa kike nomawa a nan?"

Na ce ya bar wasa, abin yana damuna. Ya karkata duron ya soka ƙusa a gindinsa. Ashe laka ta toshe hudojin tuntuni. Wani baƙin ruwa mai wari ya yi ta kwarara a kan siminti. Ya tona gefe ya nuna mini saiwar, ta yi baƙi ta yi laushi. Ya ce a daina ba shi ruwa gaba ɗaya, ƙila ya tashi, amma kada in sa rai. Sannan ya rage murya ya ce akwai masu sai da irinsa a bakin titi a Kano, zai sayo a dasa a madadinsa, kafin Yaya ya iya fitowa sabon ya kama ƙasa.

"Ke dai ki ce masa ya yi fure. Ai furen zai yi."

Na ce ko Malam bai gane ba, Allah ya sani.

"Ya sani mana. Ya kuma san dalili."

'Yarmu da ke aure a Kibiya ta goyi bayansa. Na roƙi matar liman ta tambayar mini mijinta. Ta dawo ta ce ya ce faranta ran mara lafiya alheri ne, babu laifi. Na yi godiya, amma ban natsu ba, don ban san ko ta faɗa masa tambayar yadda na faɗa mata ba. Na so in sake aikawa, kunya ta hana ni. Ina cikin wannan juye-juye rassan suka yi baƙi daga sama har gindi.

Da safe na shiga da kunu. Ran nan bai ce "wardin" kawai ba. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, ya fitar da su sarai.

"Ya yi fure?"

Na ajiye kwanon. Na ce, "Malam, wardin ya mutu. Ruwa ne ya yi masa yawa. A kansa nake alwala."

Ya dube ni. Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa, ban sani ba ko dariya ce ko wani abu. Ya ce ba komai. Na ba shi kunun ya sha.

Washegari bai tambayi komai ba. Na ba shi labarin hadarin da ya haɗu jiya, na ba shi labarin jikoki, sai dai ya gyaɗa kai. Ƙaninsa ya sayo sabon duk da haka, a baƙar leda. Na kai wa Malam har ɗaki, na gaya masa sayowa aka yi, na tambaye shi yadda ake dasawa. Ya taɓa ganyen da hannun hagu, ya lumshe ido.

Ya ga daminar nan, ya rasu bayan kaka. Ma'aikaciyar asibiti ta ce masu irin ciwonsa da yawa haka harshensu yake komawa, ba laifin kowa ba ne. Liman ma ya ce ban yi zunubi ba. 'Yarmu ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, ni ma ban tambaye ta abin da ke ranta ba. Na ji abin da kowa ya ce. Abin da na sani dai, kafin safiyar nan yana haɗa magana, bayanta kuwa ban ƙara jin komai daga bakinsa ba sai "ruwa" da "to".