Tarwaɗa a Ɗakin Hajiya Babba

Ku sababbin shiga, ku matso ku ji daga bakin tsohuwar ma'aikaciya, wato ni, da na gama sakandare bara. Har yau ban manta da ranar da na fara fita duba gida ba.

Ofishin Kawu Bukar na inshora ne irin na takaful: mutane su haɗa gudummawa, wanda gobara ko ambaliya ta ci gidansa a tallafa masa. Kafin a yanke wa mutum abin da zai riƙa biya, sai an je an ga gidan. Inda ruwa ya saba shiga ya fi tsada. Wanda kuma ya ɓoye gaskiya, ranar da gidan ya rushe ko sisi ba zai gani ba. To, namiji ba ya wuce zaure a gidan mutane, shi ya sa aka ɗauke ni. Muƙamina mai ɗaukar hoton cikin gida, kuma mai sayo kunun aya.

Ana gab da damina Alhaji Sale mai shinkafa ya zo. Ya zaga ofisoshi har Dutse yana gwada farashi kamar mai cinikin rago. Ya ce wani wuri sun yi masa araha, ko zuwa duba gidan ba su yi ba.

Kawu ya ce, "Alhaji, nasu ai babu ambaliya a ciki."

"To ku sa ambaliyar, amma a farashinsu. Ni ruwa bai san hanyar gidana ba."

Muka hau Keke Napep zuwa bakin kogi. Gida ya sha sabon fenti, ƙamshinsa har ya sa ni atishawa. Babu alamar ruwa a bango ko ɗaya. Maza suka zauna a zaure, ni na yi sallama na shige.

Na tarar da mahaifiyarsa, Hajiya Babba, a kan gadon da aka ɗora bisa bulo, ya yi tsayin da sai da turmi ake hawa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Hajiya, gadon nan ai ya kusa sama."

"Ke 'yar nan, baƙuwa ce ke? Bara a nan ƙarƙashi na kama tarwaɗa, kamar cinyarki. Mun yi farfesu har maƙwabta."

"A ɗaki?"

"Da a ina? Sale ne ya shafe min layina da fenti shekaranjiya. Da kin ga inda ruwan kowace shekara ya tsaya."

Ta sa na ɗauki hoton kwalekwalen da aka rufe da tabarma a bayan rumbu, ta gyara mayafi ta tsaya a gefensa.

Da na fito na miƙa wa Kawu waya, Alhaji ya leƙa. Sai gumi.

"Hajiya ta tsufa, Malam Bukar."

Daga ciki muka ji, "Wa ya tsufa?"

Kawu ya danne dariya ya ce, "Alhaji, da mun rubuta yadda ka faɗa, ranar da bango ya kwanta kai ke da asara. Idan ragi kake so, ɗaga dokin ƙofa, yi wa gindin katanga siminti, jera buhunan yashi ta ɓangaren kogi. Sai mu sauko."

Ya yi, yana mita. An rage masa. A watan Agusta ruwa ya zo, ya tsaya a ƙofa kamar ma'aikatanmu maza.

Darasin aiki ke nan: kada ku yarda da bango, ku fara gaishe da tsohuwa. Ni dai har yanzu Hajiya Babba ba ta amsa gaisuwata. Ta ce ni na hana ta kifi.