Kunnen Kawu Boukari

Kawu Boukari ƙanin mahaifiyata ne. Iyayensu daga Nijar suka zo Kumasi da fataucin albasa, shi kuma a Zango aka haife shi. Ya yi tuƙin trotro, motar haya, tsakanin unguwar Asawase da cikin gari har gwiwa ta hana shi, amma ba da mota aka san shi ba, da jita aka san shi. Tun ina goye, duk auren da aka yi a layinmu shi da abokinsa Brimah mai ganga ne ke tayar da mata rawa. Yana da wani tsohon amfilifaya, akwatin ƙara sauti mai kwalaben lantarki a ciki, irin wanda sai ya ɗau zafi kafin ya yi magana. Alhaji ake ce wa akwatin, wai don ba ya gaggawa.

Ana shirin auren 'yarsa Safia ya aika a kira ni. Na gama karatun lantarki a jami'a ke nan, ina zaune a gida, kullum gabana na faɗuwa ko zan sami aiki.

"Sherifa, rufe ƙofa," in ji shi. "Ba zan yi kiɗa a auren Safia ba. Kunnena ya tafi."

"Kawu, tun yaushe?"

"Na murɗa Alhaji har ƙarshe, ina jin sa kamar daga can unguwar Aboabo yake kiɗa. Gangar Brimah ma haka. Kurma ba ya kiɗa. Ba zan kunyata yarinyar nan gaban dangin miji ba."

Hawaye suka cika mini ido. Sai kuma na lura da wani abu: tsoro ya sa raɗa nake yi, kuma yana amsa mini.

"Kawu, ai kana ji na."

"Bakinki nake kallo."

Na roƙe shi ya ɗan taɓa jitar. Muka jira Alhaji ya ɗau zafi. Abin da ya fito bai fi rediyon da batirinsa ya kusa mutuwa ba.

"Kawu, ni ma ba na ji."

Sai ya leƙa tsakar gida ya ƙwala wa Brimah kira, ya tambaye shi ko ya lura sautin Alhaji ya ragu.

"E, na lura," in ji Brimah yana sosa ƙeya. "Tun auren gidan Mahamadu."

"Ka lura, ka yi shiru?"

"To danne kiɗan babba zan yi? Sai na rage hannu. Matan ma matsowa suke yi kusa don su ji. Wa zai dubi idonka ya ce sautinka ya mutu?"

Da yawanmu a Zango ba mu bambanta kara da ƙara a baki. Kawu ya riƙe haɓa ya ce, "Wato kun yi ta yi mini kara har na rasa ƙara. Kai Brimah, da mutuwa na yi ma haka za ka yi ta kaɗa wa gawata a hankali!"

"Da na samu na saki hannu dai," in ji Brimah.

Saura gyara, kuma duk ido ya dawo kaina. Na san irin wannan akwati yana riƙe wutar da za ta kashe mutum ko bayan an zare shi daga bango, a littafi kuma kawai na sani. Na fara da mai sauƙi. Na canja wayar jita, babu bambanci. Na leƙa kwalaben, duk suna ci daidai. Na ƙwanƙwasa su a hankali da cokalin katako, babu wadda ta yi kuka. Da na juyo bayan akwatin sai ƙamshi ya buge ni. Akwai wasu ramuka biyu na saka waya waɗanda sauti ke ratsawa ko ba a saka musu komai ba, bakinsu ya yi danƙo, ƙarfen ya dafe.

"Wa ke zuba turare a nan?" na tambaya.

Mma Hamamatu, matar Kawu, tana bakin ƙofa da farantin shinkafa. "Ni ke fesa masa. Kowa ya yi kwalliya ya tafi biki, shi kaɗai zai tafi yana warin tsufa?"

Na zare wuta, na zubar da wadda ta rage a ciki ina karanta duk addu'ar da na iya. Na goge ramukan da auduga, na yi ta cusa kan waya ina zarewa har ƙarfen ya yi haske. Muka mayar da wuta. Ba wanda ya tuna cewa Alhaji a murɗe yake har ƙarshe.

Kawu ya daki jita.

Na faɗo daga kan kujera. Farantin Mma ya kife, awakin maƙwabta suka watse. Har yau in aka buga ƙofa sai na zabura. Kawu kuwa ya toshe kunnuwa da hannu biyu yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Suna ciwo! Alhamdu lillahi, Hamamatu, suna ciwo!"

Ranar auren aka kafa rumfa a layi. Brimah ya saki hannu har gumi ya jiƙa masa riga. Safia ta fito cikin ƙawayenta, ta zo gaban mahaifinta ta taka rawa, shi kuma ya miƙe tsaye da gwiwar nan tasa, bai zauna ba sai da aka kira la'asar.