Yadda Bakina Ya Kashe Masar Juma'a

Da ana mayar da magana ciki bayan ta fita, da akwai guda ɗaya da zan bi ko da rarrafe ne in haɗiye. Na yi laifuka da yawa a rayuwata, amma wanda ya hana ni sakewa a tsufana da baki na yi shi, kuma matata na yi wa, Allah ya jiƙanta.

Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, na allo kuwa izu kaɗan na yi na bari. Zamanin da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, ana ta fasa hanyoyi, na samu aikin tuƙa katafila a wani kamfani a nan Gombe. Ga ƙuruciya, ga albashi, ga babur da rediyo. Na ji an ce mutum ya taka wata, sai na ɗauka babu sauran abin da ya ɓuya wa ɗan Adam.

Shekara guda kafin in fara aikin, ƙyanda ta ɗauke mana 'yarmu ta fari tana da shekara uku. Matata Bafulatana ce mai kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunan 'yar ba, sai dai ta ce "yarinyar nan". Ko ranar rasuwar ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da yake mata ba sa bin gawa, ni na kai ta maƙabarta, na sa ta da hannuna. Da na dawo, matata ta tambaye ni a hankali, "Malam, wurin da inuwa?" Na ce akwai. Iyakar abin da ta sani game da makwancin 'yarta ke nan, abin da na gaya mata.

Tun daga makon, kowace Juma'a sai ta soya masa ta raba wa maƙwabta sadaka. Ba ta faɗin don wa, kowa kuma ya sani.

Wata rana muna aiki can wajen Tumfure, lokacin duk gonaki ne, na tura wani ɗan tudu sai na ga ƙasa ta taso da fasassun tukwane da ruɓaɓɓen itace. Na sake turawa, sai ga ƙasusuwa. Ashe tsohuwar maƙabarta ce wadda ko masu gonar ba su san da ita ba. Shugabanmu a wurin aikin wani dattijo ne Batangale, Kirista. Ya ɗaga hannu na kashe inji, ya cire hularsa.

Ni kuwa ina can bisa ina leƙe. A makarantar allo an gaya mana yadda kabari ke matse mai saɓo, da wutar da ake buɗe masa, da yadda ake yalwata wa mumini. Na duba ban ga toka ba, ban ga alamar ƙuna ba. Ƙashi ne da jar ƙasa, kowane kamar ɗan'uwansa.

Na ce, "Baba, a cikinsu wane ne ɗan wuta, wane ne ɗan aljanna?"

Ya ce, "Kai dai sauko ka ɗauki shebur. Tuƙi aka ɗauke ka, ba hisabi ba."

Leburori suka yi dariya, wani ya ce, "Bar shi, Baba, babur ya saya, ya gama sanin lahira." Muka tattara ƙasusuwan muka binne a gefe, aka yi addu'a, kowa da irin tasa. Na ɗaga hannu tare da su, amma zuciyata ta tafi wani wuri. Daga ranar nake ta saƙa cewa wataƙila babu komai bayan mutuwa, wuta da aljanna duk tsoratarwa ce da rarrashi. Ban gaya wa kowa ba. Ina salla saboda idon mutane.

Sai wata Juma'a da safe na makara, ina neman abin kari, ita kuwa tana bakin tanda, hayaƙi ya cika tsakar gida. Na yi faɗa, na ce wannan wahala ta isa haka.

Ta ce, "Yi haƙuri, Malam, saura kaɗan. An ce ladan yana isa gare ta. Kuma an ce ƙanana irinta su ke tarar iyayensu da ruwa ranar ƙishi."

Na ce, "Wace rana? Ke ba ki taɓa taka maƙabarta ba. Ni na buɗe kabari na gani da idona, wallahi babu komai sai ƙashi da ƙasa. Babu mai jiran ki. Shinkafa kawai kike ɓatawa."

Ta ci gaba da zuba ƙullu har ya ƙare, ta raba masar kamar kullum. Da na dawo da yamma na tarar ta wanke tandar ta kife a bayan ɗaki. Ba ta sake ɗora ta a wuta ba.

Muka ci gaba da zama. Muka haifi wasu huɗu, duk suka rayu, muka yi gini a unguwar Hammadu Kafi. Ba ta bar salla ba, ba ta bar azumi ba, sai dai ba ta ƙara ambaton yarinyar a gabana ba. Ni kuma a hankali na dawo hanya, ba don na ga wata aya ba, shekaru ne dai da yawan binne abokai. Na kai shakkata wurin wani malami, ya ce waswasi ba ya barin kowa, kuma abin da ke tsakanin mamaci da Ubangijinsa ba katafila ke tono shi ba. Na nemi gafarar Allah. Tata ce na kasa nema. Na saya mata atamfofi, na saya mata keken ɗinki, ina ganin kamar za ta gane nufina.

A ciwonta na ajali, wata rana bayan la'asar, ta sa yara suka fita, ta ce in matso.

"Malam, zan same ta?"

Na ce, "In sha Allahu za ki same ta. Tana jiran ki."

Ta dube ni, ta ce, "Ranar da ka ce babu, rantsuwa ka yi ka gani da idonka. Yau me ka gani?"

Sai hawaye suka zubo mini. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun a bakin tanda, amma maganar ba ta taɓa fita daga kunnenta ba, ko tana sujada takan ji ta. Bayan kwana biyu ta cika. Ni na sa ta a ƙasa, ina roƙon Allah ya sa ta riski abin da ta yi shekaru tana tsoron babu shi.

Ku da kuke karanta wannan, in shakka ta kama ɗayanku, ya kai ta wurin mai ilimin da zai iya ɗaukarta, ko ya riƙe abinsa har Allah ya yaye masa. Na roƙe ku kada ku sauke ta a kan wanda aka yi wa mutuwa, wanda ba shi da abin riƙewa sai fatan sake saduwa. Ni na yi, ban kuma iya gyarawa ba.