Bututun motar Alhaji Ado

Ina zaune a garejin Malam Sabo a Gumel, sai ga Alhaji Ado da a-kori-kurarsa mai shan gas, wadda yake dakon awaki da ita. Ya ɗaura mata ƙaton bututun shaƙar iska, wanda ya tare filtar mai.

Malam Sabo ya leƙa ya ce, "Alhaji, hannu ba ya kaiwa ga filta, balle a canza ta. In ba a cire bututun nan ba, injin zai buga."

"Bar shi. Da shi masu awaki ke gane motata."

Ranar kasuwar Maigatari na hango mota a gefen titi, bonet a buɗe. Da bututun na gane ta.

Da ku ne, za ku cire?