Jirgin da Baffa Ya Ciyar

Gidanmu a unguwar Birni ta Zinder gidan fatu ne. Mahaifina yana sayen fatar akuya a ƙauyukan Damagaram, kamyo, babbar motar kaya, ya kai ta Kwatano, jirgin ruwa ya haye da ita Marsai. Ƙanensa, Baffa, shi ke zaune a bakin teku yana kula da lodi. Ya daɗe can, sannan aka dawo mana da shi, jiki lafiya lau, amma hankalinsa ya tsaya a tashar jirgi.

Ba ya duka, ba ya zagi. Kowace safiya dai zai sa riga mai tsabta ya tsaya ƙofar mangaza, ɗakin ajiyar fatu, yana jiran jirgi. Lokacin ina koyar da labarin ƙasa a lakwal, makarantar boko, na san nisan Zinder da teku sarai, amma ba wanda ya nemi ra'ayina.

Da fari ya tsananta, mutanen ƙauyukan Hamdara da Guna suka cika unguwa, suna zaune a gindin katanga. Baffa ya dube su, nan take ya gane su: 'yan dakon jirgi ne. A ƙa'idar tasha kuwa, ba a lodi sai ɗan dako ya ci. Ya ɓalle ƙofar ɗakin hatsi, ya shiga rabon gero da hularsa.

Dangi suka taru a zaure, bakinsu ɗaya: a kai shi wajen mai magani a sa ƙafarsa a turu. Kowa ya dubi mahaifina. Geron nasa ne, ƙanen ma nasa ne. Inna, mahaifiyata, ta yi magana daga bayan ƙofa.

"Alhaji, da yana Kwatano, wa ke ciyar da 'yan dako?"

"Gidan nan."

"To me ya sake? Teku ce kawai babu."

Washegari ta dama kunu a babbar tukunya, ta kira shi.

"Baffan yara, ga abincin mutanenka. Amma ɗakin hatsi na kuku ne. Ko ba haka ake yi a jirgi ba?"

Ya yi tunani sosai. "Haka ne, Yaya. Ko kaftin ba ya shiga wa kuku."

Bai ƙara taɓa ƙofar ba. Shi ke jera mutane, masu goyo a gaba, mai tsallake layi kuwa ya sha wani irin Faransanci da ba ya cikin littafin lakwal. Mu kuma tuwonmu ya koma sau ɗaya a rana. Mahaifina ya ce bai taɓa ganin jirgi mai ci haka ba, amma bai hana ba.

Da damina ta dawo, mutane suka koma gonakinsu. Baffa ya fito ya tarar gindin katanga wayam. Muka tsaya muna kallonsa, don maganar turu ba ta mutu ba. Ya shigo, ya wanke hannu, ya miƙa wa Inna ludayi.

"Jirgi ya tashi, Yaya. Ba a bar kowa ba."

Ya tsufa a ɗakinsa, ƙafarsa ba ta taɓa sanin turu ba. Allah Ya saka wa Inna da Aljanna.