Mutumin da bai iya cewa babu ba

Yayana bai iya cewa "babu" ba. Tun muna yara, in mahaifiyarmu ta ce ya leƙa ƙarƙashin gado ko akwai ɓera, sai ya dawo ya ce, "Ban gani ba." In ta ce, "To, babu ke nan?" sai ya ce, "Ni dai ban gani ba." Sunan ya bi shi har ya yi furfura. A unguwa da wurin aiki, Ban-gani-ba kowa ke ce masa, shi kuma yana amsawa.

Allah ya haɗa shi da sana'ar da ta dace da halinsa. Duba ƙwai yake yi a wani babban gidan sanyi da ke saye daga gonaki yana rarraba wa shaguna. Ɗakin aikinsa ɗan ƙarami ne, ba taga, sai fitila guda a cikin akwati mai rami a sama. Yakan ɗora ƙwai a bakin ramin, haske ya ratsa shi, ya ga tsaga ko ɗigon jini ko duhun baragurbi. Mota guda takan zo da dubban ƙwai, ba mahalukin da zai iya duba su duka. Don haka dokar wurin ita ce ya ɗebi talatin, daga gaba da tsakiya da can ƙasa. In marasa kyau ba su wuce biyu ba, a sauke kaya. In sun wuce, mota ta koma inda ta fito.

Ya sha yi mini bayani, ko na tambaya ko ban tambaya ba. "Kuskure biyu ne a aikin nan," in ji shi. "Ko hannuna ya faɗa kan masu kyau in saki mota mai ɓarna, ko ya faɗa kan 'yan ruɓaɓɓun da ke ciki in kori mota mai kyau. Kuma in kika matse wannan ƙofa, waccan ce ke ƙara buɗewa."

A baki ya san su duka biyun, amma guda ɗaya yake tsoro. Farkon kama aikinsa ya taɓa sakin wata mota, mai gidan burodin da aka kai wa ƙwan ya zo har ɗakin fitila ya fasa masa baragurbi a kan tebur a gaban mutane. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar Yaya ya koma zargin komai. Yana shinshina madara kafin ya sha, yana komawa daga bakin titi ya sake taɓa kwaɗon ƙofa. In matarsa ta ce, "Malam, zato fa zunubi ne," sai ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Mu dai dariya muke yi, don a lokacin abin bai taɓa cin kowa ba.

Sai Auta, ƙaramar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta kawo wanda take so. Mai gyaran firiji ne, dogo, mai sanyin magana, yatsunsa duk tabon waya. Ya zo ya gaida Yaya, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Yaya ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Zan duba."

Ya kuwa duba. Kullum in ya tashi aiki sai ya bi gidajen da yaron ya yi wa gyara, ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya. Wannan ya ce ai mutumin kirki ne. Waccan ta ce ya dawo da kansa ya ga ko firijin na sanyi. Ni na ɗauka talatin zai ɗiba ya tsaya, kamar a wurin aiki. Ina! Watanni suka shuɗe Yaya na kan ɗiba.

Wata rana Auta ta tare shi a falo, ina zaune. "Baba, ka ga wani abu?"

"Ban gani ba tukuna."

"A wurin aiki in ba ka gani ba ai sauke kaya ake yi. Shi guda nawa za ka ɗiba?"

Ya ce, "Ƙwai daban, 'ya daban," ya miƙe ya shige ɗaki.

Daga ƙarshe ya samu abin da yake nema. Wata mata a bayan tashar mota ta ce masa yaron ya gyara mata firiji, bai daɗe ba ya sake lalacewa. Da ma mai neman kuka, an jefe shi da kashin awaki. Yaya ya dawo gida har da fara'a, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. In mutum ya yi ta ɗiba ba tsayawa, ko a motar da ta fi kowace kyau sai ya ci karo da baragurbi. Kai ka koya mini wannan." Ya ce in yi harkar gabana. Ya aika wa yaron cewa ya dakata da zuwa. Yaron ya yi ta turo mutane suna ba da haƙuri, har ya gaji ya daina. Auta ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai rage zama a falo, kuma ba ta ƙara tayar da maganar ba.

An fi shekara, sai Yaya ya haɗu da wata mai gonar kaji a bakin ƙofar gidan sanyi. Ta gane shi, ta yi dariya. "Malam, ka tuna motata da ka kora? Ai alheri ka yi mini. Na kai wa masu sayen ƙwai na tsallaken titi, suka saye duka, ko ɗaya bai dawo ba. Har yau su nake kai wa."

"Ko ɗaya?" in ji Yaya.

"Ko ɗaya."

Maganar ta tsaya masa a rai. Washegari ya koma gidan matar nan ta bayan tasha, ya tarar firijinta a buɗe, ba sanyi. Ta ce masu gyara daban-daban sun zo bayan yaron, duk haka yake yi, ashe wayar wutar gidan ce ke ƙona shi. Daga can ya biyo ta gidana, ya zauna ko takalmi bai cire ba. Ya ce, "Wanda na saka bisa kuskure yakan dawo ya zage ni, in sani. Wanda na kora bisa kuskure fa, wa zai zo ya gaya mini?" Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba, duk da haushinsa da nake ji. Ya ce in raka shi gida.

Mun tarar da Auta a falo tana gugar fararen kayan aikinta. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula a hannu. Ya yi gyaran murya sau biyu kafin kalmar ta fito, kalmar da ko mahaifiyarmu ba ta taɓa samu a bakinsa ba.

"Auta, yaron nan. Babu. Babu wani aibu a tare da shi."

Ta jingine dutsen guga, ta ɗago ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, ni kuwa da na fi so in ga fushin.

"Na sani, Baba," ta ce. "Matarsa ma haka take faɗa. Wurinmu take zuwa awo."

Ta juya rigar, ta ci gaba da guge ɗaya hannun.