Badi'a, Wadda Ta Yi Wa Tasharmu Ƙaura Ba Mu Sani Ba

Kowace safiya, kafin motar farko ta tashi daga tasharmu ta Ƙonni, Madam Badi'a ta riga ta sauka daga kabu-kabu, ta buɗe ɗan ɗakin nan mai sanyi da ke bayan buro, wato ofishinmu. Na'urar kwamfuta biyu ne a ciki. Ɗaya ke riƙe da bayanin kowane tikiti da kowane ƙunshin saƙo na tashoshinmu na Ƙonni da Malbaza da Illela. Ɗayar kuwa ba ta da aiki sai kwafar duk abin da ta farko ta rubuta, tana jiran ranar da 'yar'uwarta za ta gaza. Mu masu sayar da tikiti Ci-ki-kwanta muke ce mata. Badi'a ba ta taɓa taya mu dariya ba.

A 2008 babbar na'urar ta fara nishi. Alhaji Wakili, mai kamfanin, ya sayo sabuwa daga Yamai, amma wata iri ce daban, ba ta karanta bayani yadda tsohuwar ke ajiye shi. Aka ce sai an rufe tasha kwana da kwanaki a juye komai. Rabo, shugaban 'yan dako, ya tare Badi'a bakin ƙofa.

"Ɗiyata, gaskiya ta za a kulle? Mu hwa abin da munka ɗauka yau, shi ka kai tukunya bisa wuta."

"Baba Rabo, ba a kullewa. Tahi ka yi aikinka."

Wallahi na ɗauka lallashi ne kawai. Ashe ta gama shawararta. Babbar na'ura ba ta taɓa ta ba, ta bar ta da hidimar fasinja. Ci-ki-kwanta ta sa aiki: duk tikitin da muka yanka ya shiga babba, ya faɗa cikin Ci-ki-kwanta, daga nan a juya shi zuwa tsarin sabuwa. Haka sabuwar ta yi ta bin sawu har ta kamo su. Saura abu guda, a sami ɗan lokacin da babu mai rubuta komai, a mai da tashoshi uku kan sabuwa. To yaushe tashar mota ke shiru? Ta ce lokacin sallar Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, ita tana nan.

Abin da ta manta, ni ma na manta, shi ne Mutari mai yanka tikiti a Malbaza masallacin da ke sallah da wuri yake zuwa. Tana tsakiyar aiki ta tuna. In ya dawo ya yanka wa mutum tikiti a tsohuwar na'ura, sabuwa ba za ta san da shi ba, a sayar da kujera ɗaya ga mutum biyu, Alhaji kuma ya ce a kulle a sake lale. Wayar Mutari a kashe. Sai ta kira Kulu mai abinci ta tashar Malbaza.

"Inna Kulu, don Allah in Mutari ya taho ki tsare min shi. Kar ya shiga buro sai na kira ki."

"Mutari? Wanga ai abu mai sauƙi na."

Kulu ta zaunar da shi, ta cika masa kwano da dambu, ta ƙara, ta kawo fura, ta ɗauko masa labarin rigimar maƙwabtanta tun daga tushe. Har yau Mutari na cewa bai taɓa ganin Kulu da kyauta irin ta ranar ba.

Muka dawo daga masallaci, na zauna na yanka wa wata tsohuwa tikitin Illela, ya fito. 'Yan dako suka ci gaba da lodin albasa. Da la'asar Rabo ya leƙa ɗakin sanyi ya ce, "Ɗiyata, shin yaushe za a hwara aikin nan?" Ta ce an gama. Bai yarda ba sai da ta rantse.

Badi'a, ke ce wadda in aikinki ya yi kyau babu mai sanin kin yi shi. Shi ya sa ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, kuma abin yana ci mini rai. Yanzu da za ki koma Tawa bayan shekarun nan, mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu shigowa aikin nan, ku yi koyi da ita, ku fara tambaya wa zai kwana da yunwa in kun kashe na'ura. Ita ta tambaya, kuma ranar nan babu ɗan dakon da ya koma gida hannu banza.